Bukkar kyauta, gadon kamu ko haya ɗungurungum: zaɓen wurin kwana a dajin Finlan

A taswirar dazuzzukan arewacin Finlan, ƙasa ce a Turai, za ka ga ƙananan alamun gida a warwatse, wasu a bakin tafki, wasu a cikin kwari, tsakanin wannan da waccan tafiyar wuni ko rabin wuni a ƙafa. A takarda kamarsu ɗaya. Sai ka isa za ka tarar wata ƙofarta a sake take, wata sai da makulli, wata kuwa ba a ma kwana a cikinta. Hukumar da ke kula da filayen gwamnati, Metsähallitus, ita ke riƙe da mafi yawansu, kuma a shafinta na Luontoon akwai bayanin kowace bukka: mutum nawa take ɗauka, me ke ciki, ina ruwa yake. Kusan dukkansu babu wutar lantarki, babu famfo, babu mai gadi. Idan ka biya kuɗi a nan, abin da ka saya shi ne tabbacin cewa akwai inda za ka sa haƙarƙarinka in ka iso a gajiye. Sauran wahalar duk ɗaya ce.

Wadda aka fi sani ita ce autiotupa, bukkar da ba a kulle ta, ba a biya, ba a kamawa. Ɗaki ne na gungumen itace, da dandamalin katako da ake kwana a kai a jere, wani lokaci hawa biyu, da tebur da benci da murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi. Da yawa suna da murhun gas da tukwane da bokitai. A waje akwai rumfar itace da gatari da zarto, da masai. Katifa kuwa kada ka sa rai, katako ne tsirara. An yi ta ne domin masu tafiya da ƙarfin jikinsu, a ƙafa ko a kan katakon sulu na tafiya a dusar ƙanƙara ko a kwalekwale, kuma kwana ɗaya ne ko biyu ka yi gaba. Ayari mai yawa da masu kai baƙi yawo don kuɗi ba nasu ba ce.

Al'adarta ce ke ba baƙo mamaki, don saɓanin layin famfo ce: wanda ya zo daga baya shi ya fi haƙƙi. Dalilin a fili yake. Kai ka riga ka ji ɗumi, ka ci, kayanka sun bushe, shi kuwa yanzu ya fito daga ruwan sama. A aikace mutane sukan matsa ne a sami wuri, kowa ya tsaya a faɗin shimfiɗarsa, wajen santimita 50 zuwa 60. Amma idan ɗakin mutum takwas ya tara goma sha huɗu, dole wani ya fita, kuma wanda ya fi daɗewa ne. Saboda haka mai dogaro da autiotupa ba ya rabuwa da tanti, wato ƙarin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi a bayansa tun daga farkon tafiya har ƙarshenta. Kyautar ke nan, kafaɗa ce ke biya.

Ta biyu varaustupa, inda ake kama gado tun daga gida ta shafin Eräluvat, a biya kuɗin kowane gado na kowane dare. A kulle take. Makullin ana karɓarsa ne a cibiyar baƙi ko wani shago da aka wakilta kusa da bakin hanya, wasu kuma lamba ake ba ka ta buɗe akwatin makulli. A ciki akwai katifa da matashi da bargo, kai za ka zo da zanin gado ko jakar barci. A wurare da dama rufi ɗaya ne aka raba biyu, ɓangare ɗaya a buɗe, ɗaya a kulle, kamar a Sioskuru da Nammalakuru a hanyar Hetta zuwa Pallas. Gado ka kama, ba ɗaki ba, don haka wanda ba ka taɓa gani ba zai iya kwana kusa da kai.

Abu biyu ke ɓata wa mutane wannan tsari. Na farko makulli: ka sauka daga motar haya da yamma, wurin karɓa ya rufe, sai ka kwana a gari ka rasa daren farko da ka biya. Duba lokacin buɗewa kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa. Na biyu, kamun gado yana ɗaure ka da ranaku. Ko ƙafa ta yi bororo, ko hazo ya rufe tudu, gadonka na gobe yana can kilomita 15 gaba. Maganinsa shi ne ka tsara zangon da ya gaza ƙarfinka. Da kaya a baya, a hanyar da ke da saiwoyi da duwatsu da fadama, kilomita biyu zuwa uku ake yi a awa, kuma wanda bai saba ba kada ya wuce 10 zuwa 12 a rana.

Ta uku vuokratupa, wadda ake hayar ta gaba ɗaya. Kai da mutanenka kaɗai, wasu har da sauna, ɗakin suracen mutanen ƙasar. Ita ta fi tsada in kai kaɗai ne, amma ka raba kuɗin da yawan kawuna ka gwada da kuɗin gado ɗaiɗai kafin ka ce ta yi tsada, don mutum huɗu ko biyar kan tarar tazarar ba ta da yawa. A sauran biyun maza da mata baƙin juna suna kwana a dandamali ɗaya, wasu bukkokin ma an yarda a shiga da kare in sauran mutane sun amince. Mai tafiya da iyali da ke son sutura, da wurin shimfiɗa sallaya ba tare da tsallake ƙafafun mutane ba, wannan ce tasa, ba sai an yi dogon lissafi ba. Aibinta shi ne tana zaunar da kai wuri ɗaya, sai dai ka yi yawon wuni ka dawo.

Päivätupa ta hutun rana ce, ba a kwana sai da larura. Laavu kuma rumfa ce mai bango uku da bakinta a buɗe wajen wuta. Kada ka lissafa su a matsayin ɗaki.

Inda za ka je yana rage maka zaɓi tun kafin ka zaɓa. Bukkokin da ba a kullewa sun fi yawa a arewa da gabas. A dazuzzukan kudu irin Nuuksio kusa da Helsinki, laavu da wurin kafa tanti da bukkar haya za ka fi samu. Hanyar Karhunkierros, kilomita 82 daga Hautajärvi zuwa Ruka ta cikin gandun Oulanka, tana da alamu masu kyau da gadoji a kan koguna, amma sunanta ya sa bukkokinta cika a lokacin hutu, tanti a can wajibi ne. Hanyar Hetta zuwa Pallas, kilomita 50 da ɗoriya, ta fi dacewa da mai son gadon kamu kowane dare, sai dai tana farawa da tsallake tafkin Ounasjärvi a jirgin ruwa da ake shiryawa tun da wuri, kuma rabo mai yawa nata a kan tuddai ne marasa bishiya inda iska ke duka. Gandun Urho Kekkonen, wanda aka kafa a 1983, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,550, shi ne dajin gaske. Daga Kiilopää zuwa tafkin Luirojärvi, inda akwai bukkar kyauta da ta kamu da sauna, tafiyar kwana biyu zuwa uku ce, kuma a cikin zurfin gandun babu alamun hanya, akwai rafukan da ake ratsawa da ƙafa. Wanda bai iya taswira da kamfas ba ya bar shi sai karo na biyu.

A ganinmu, mai zuwa karon farko ya kama gado a varaustupa a kan hanya mai alamu, tsakanin tsakiyar Agusta da farkon Satumba. Daga ƙarshen Yuni har cikin Yuli sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo ke mulki a Lapland, wato yankin arewacin ƙasar, lokacin da mutanen can ke kira räkkä. Ba sa kawo zazzaɓin cizon sauro, amma sai da ragar fuska. Tsakiyar Satumba kuma ganye ya yi ja da rawaya, mutane sun cika daji, sanyin dare kan sauka ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Hunturu, da sanyin da kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, na ƙwararru ne. A tsakiyar bazararsu rana ba ta faɗuwa a arewa, a Disamba ba ta fitowa, don haka batun lokutan salla da azumi a tambayi malamai tun kafin a fita.

Ko wace ka zaɓa, murhu ne zai yi maka daren ko ya ɓata shi. Buɗe marfin da ke jikin bututun hayaƙi gaba ɗaya, ka kwashe tsohuwar toka a bokitin ƙarfe, ka bar ƙofar iska a buɗe. Idan bututun ya yi sanyi, iskar da ke cikinsa tana da nauyi, sai ta turo hayaƙi cikin ɗaki. Ƙona ɗan takarda ko ɓawon itace a can ciki kusa da bakin bututun tukuna, ya ja, sannan ka jera faskare sirara kamar yatsa, daga baya masu kauri. Kada ka ɓare ɓawon bishiya mai rai, a jikin itacen rumfa za ka samu. Ɗakin gungume da ya kwana biyu ba wuta yana ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu kafin bangonsa ya ɗau ɗumi, kuma a nan sabon zuwa kan yi kuskure: ya yi ta cusa itace, tsakar dare masu kwana a hawan sama su jiƙe da gumi, a buɗe ƙofa, itacen da aka sha wahalar kawowa daji ya tafi a banza. Kuskuren da ke kisa shi ne rufe marfin bututu alhali garwashi na ja, wai don a tsare ɗumi. Garwashin na fitar da iskar guba marar wari da ke sa ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya farkawa. Sai garwashin ya mutu murus ake rufe marfin. Jiƙaƙƙun kaya a igiya ko sandar da aka tanada ake shanya su, ba a kan ƙarfen murhu ba, kuma takalmin da aka matsa wa wuta gam ɗinsa ke saki. Idan an yi shelar haɗarin gobarar daji, hura wuta a fili haramun ne, amma murhun cikin ɗaki mai bututu ana amfani da shi.

Jakar barci tana zuwa da lambobin sanyi uku. Ta farko, mafi sauƙin sanyi, ita ce wadda mutum ke barci da daɗi a kanta, ita za ka duba. Ta ƙarshe ta tsira da rai ce kawai. Don ƙarshen Agusta da Satumba a Lapland nemi wadda lambarta ta farko ke kusa da sifili ko ƙasa kaɗan, ko da a ɗaki za ka kwana, don wuta kan mutu kafin asuba. Riƙe ƙaramin murhun gas naka ko da an ce akwai a bukka, tukunyar gas ɗin can tana iya ƙarewa. Sayi gwangwanin gas da aka gauraya butan da furofen, don zallar butan tana daina fita idan sanyi ya kai sifili, kuma a Finlan za ka saya tunda jirgin sama ba ya ɗauka. Busasshen abinci giram 600 zuwa 800 a rana ga mutum ɗaya, da rarar kwana guda: taliya, shinkafa mai saurin dahuwa, gyaɗa, dabino, kifin gwangwani. Kilishi zai yi kyau, amma ba a shiga Tarayyar Turai da nama daga waje. Zo da tukunyar girkinka, don tsiren da ake gasawa a wayoyin gashi da kaskon bukka sau da yawa na alade ne. Duka kayan kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinka.

Ruwa daga rafi ko tafki ake ɗiba, a tafasa. Bokitin ruwan sha daban, na wanke-wanke daban, galibi an rubuta a jiki, kuma ruwan wanki da na alwala a ƙasa ake zubarwa nesa da gaɓa. Masai ɗin busasshe ne, taki ake yi da abin da ke ciki, shi ya sa ake barbaɗa ludayi ɗaya na garin itacen da aka ajiye a gefe bayan an gama. Ruwa mai yawa yana jiƙa shi ya tada wari, don haka mai buta ya fara da takarda ya ƙarasa da ruwa kaɗan.

Waya kan rasa sabis a kwaruruka, batir kuma sanyi na shanye shi, sai a ajiye ta a aljihun ciki. Sauke manhajar 112 Suomi, wadda ke aika wurin da kake idan ka kira lambar gaggawa, ka bar wa wani a gari sunayen bukkoki da ranar fitowarka. Kafin ka ja ƙofa da safe, rufe kan tukunyar gas, share ɗaki, ɗauki shararka, faskara itace ka ajiye busasshe kusa da murhu don mai zuwa bayanka, sannan ka rubuta a littafin bukka ranar da ka tashi da inda ka nufa, don littafin masu ceto ke dubawa idan an ce wani bai fito ba.