Gwajin GeneXpert a asibitocin karkarar Jigawa: yadda yake kan sanƙarau na tarin fuka

Sanƙarau na lokacin zafi farat ɗaya yake kayar da mutum. Na tarin fuka kuwa sanɗa yake yi: ciwon kai da zazzaɓi sama-sama na mako biyu ko uku, yaro ya daina wasa, ya rame, sannan wuya ya sanƙare, ido ya karkace, hankali ya gushe. Kafin a kai nan, galibi an sha maganin maleriya sau biyu daga kemis.

A irin wannan hali GeneXpert, wato gwajin na'ura mai gano ƙwayar tarin fuka, ya cancanci yabo. Kyauta ake yin sa a manyan asibitocin gwamnati da ke da na'urar. Likita zai ɗebi ruwan ƙashin baya da allura ta gadon baya, a zuba a katirij, wato ɗan mazubin da ake sakawa cikin na'urar, cikin kamar awa biyu a san ko akwai ƙwayar, da kuma ko ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga manyan magungunan tarin fuka. Ɗaya hanyar kuwa, wato shukar ƙwaya a ɗakin gwaji har ta tsiro a gane ta, makonni take ɗauka.

Rauninsa shi ne ƙwayar ba ta da yawa a wannan ruwa. In aka ɗebi mililita ɗaya kacal, sai sakamako ya ce babu alhali tana nan. A babba a nemi mililita 6, kuma sabon nau'in katirij mai suna Ultra ya fi tsohon kama ƙwayar. Ko sakamako ya ce babu, in ruwan ya nuna sukari ƙasa da rabin na jini, furotin ya hau, kuma akwai mai tari a gidan, a fara magani, kada a jira. Wata 12 ake sha, da dexamethasone, maganin rage kumburi, a makonni shida zuwa takwas na farko.

Bijire wa isoniazid, wani babban maganin tarin fuka, ba ya fitowa a wannan katirij, sai a wani katirij mai suna Xpert MTB/XDR ko a tura samfur Kano ko Zariya. Yanke magani a tsakiya ne ke haifar da bijirarriyar ƙwaya, amma ana iya ɗaukarta kai tsaye daga wani, ko mutum bai taɓa shan magani ba.

Abin da ke ɓata aikin a karkara zafi ne da ƙura da ɗauke wuta. Na'urar ba ta son ɗaki ya wuce digiri 30, katirij kuma 28, ga zafin Afrilu a yankin Haɗejiya da Gumel. In wuta ta ɗauke ana tsaka da gwaji, katirij ya tashi a banza. Don haka a tambayi ma'aikacin DOTS, wato sashen kula da masu tarin fuka, ko na'urar na aiki kafin a huda bayan mara lafiya.