Yaya, a nan makullin ɗaki ake fara ba su

Salam Yaya, ya gida ya su Inna? Tun ranar da ka ce min an sake kai ɗan Gwaggo gidan mari na kasa barci wallahi, shi ya sa na ce bari in ba ka labarin abin da nake gani a nan Helsinki inda nake aikin kula da irinsu.

A Finland mutumin da ke kwana a titi, ko ɗan ƙwaya ne ko mai taɓin hankali, ba a ce masa sai ka daina shaye-shaye tukuna. Ɗaki ake fara ba shi, nasa na kansa, da kicin da bayi, ya sa hannu a takardar haya kamar kowa, kuɗin hayar kuma yawanci daga tallafin gwamnati yake fita. Bayan ya zauna sai maganar likita da magani ta biyo baya, kuma in ya koma shan ba a korarsa saboda haka kawai. Wani Sam Tsemberis ya fara tsarin a New York a 1992, su kuma nan suka mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 2008, har manyan ɗakunan kwanan da ake jibge mutane a ciki suka maida su gidajen haya. A 1987 marasa gida sun kai wajen 18,000, zuwa 2023 ba su kai 4,000 ba.

Da farko raina bai kwanta ba, na ce ai wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Sai da na ga wani dattijo da ya yi shekaru yana kwana waje cikin sanyin nan mai daskarar da ruwa, ya rataya makullinsa a wuya da igiyar takalmi, minti-minti yana shafawa, sati biyu yana kwana a ƙasa da jakarsa a matsayin matashin kai don bai yarda gadon nasa ba ne. Yanzu shi ke tuna min lokacin maganinsa. Bai daina giya gaba ɗaya ba, ba zan maka ƙarya ba, amma ya san inda zai kwana.

Abin da ke min ciwo, yawancinsu ba mai leƙo su, ko ranar biki. Mu a Zariya akwai dangi, akwai maƙwabcin da zai miƙo tuwo, amma yaron da tiramol ya kama sai dai ka gan shi ƙarƙashin gadar Kwangila ko an sa masa mari a ƙafa, duk da abin da aka bankaɗo a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Don Allah Yaya ku je ku ɗauko ɗan Gwaggo daga gidan marin nan. Ɗakin nan na kusa da zaure da aka cika da buhuna a kwashe, zan turo kuɗin ƙofa da katifa da na mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Makullin kuma a ba shi a hannunsa, kar a kulle shi ta waje. Ka gaida Gwaggo, ka ce zan kira ta Juma'a in Allah ya kai mu.