Filta, Sabon Lensi ko Ƙafa Uku: Wanne Za Ka Fara Saya?

In ka tsaya bakin tafkin Bosomtwe da ke kusa da Kumasi rana na shirin faɗuwa, ka auna hasken sama da kyamara, tsaunuka sai su fito baƙi ƙirin. In ka auna na ƙasa, sama ta ƙone fari fat. Kyamara ba ta iya ɗauke duka biyun a hoto guda, shi ya sa samarinmu na Aboabo da Asawase masu sha'awar hoton fili suke yawan tambayar abin da za su saya ya magance musu wannan.

Wasu kan ce filta mai rabin duhu, gilashin da ake sa wa a gaban lensi, wadda samanta ke rage haske mataki 2 ko 3 (kowane mataki rage rabin hasken ne). Tana aiki sosai a bakin teku, kamar Labadi a Accra, inda ruwa da sama suka haɗu a miƙaƙƙen layi. Amma Bosomtwe rami ne da tsaunuka suka kewaye, duhun filtar zai sauka har kan tsauni da kan bishiyoyi. Kuma lensi mai ƙumburarren gaba irin Samyang 14mm ba ya karɓar filtar murɗawa.

Ni shawarata, fara da sanda mai ƙafa uku, mai nauyi, wadda iska ba ta girgizawa. Ka kafa ta, ka ɗauki hoto uku a wuri ɗaya: mai duhu, matsakaici, mai haske, tazarar mataki 2 tsakaninsu, sannan ka haɗe su a manhajar gyaran hoto ta Lightroom. Saurin ɗauka kaɗai za ka riƙa canzawa. Kada ka taɓa ƙofar haske, don ita ke tsara iyakar abin da zai fito tar, in ta motsa hotunan ba za su zauna da juna ba. Inda wannan hanya ke ba da wahala shi ne abu mai motsi. Masuntan tafkin a kan katako suke zama su yi tuƙi da hannu, in ɗaya ya gifta sai ya fito biyu, dole ka ɗauko shi daga hoto guda.

Batun lensi kuwa, kada f/2.8, wato ƙofar haske mai faɗi (ƙaramar lamba, babbar ƙofa), ta ja ka ka zuba kuɗi, sai dai in taurari za ka ɗauka. Hoton fili a f/8 ko f/11 ake yin sa. Canon 10-18mm ko Nikon 10-20mm sun isa: a 10mm da f/8, ka saita lensin ya fito da abin da ke mita 1 tar, komai zai fito tar daga kamar rabin mita har ƙarshen gani. In ka matse zuwa f/22 hoton laushi zai yi.

In na hannu za ka saya, haska fitilar waya ta bayan lensin ka leƙa ta gaba. Damshin Kumasi yana haifar da fumfuna cikin gilashi, siraran farare kamar yanar gizo-gizo. Ka ga wannan, ajiye shi komai arharsa.