Mai Wayarin da Ke Aunawa Kafin Ya Ce a Sayo Kaya

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, kuma wata safiya ta ƙi tashi a ƙofar gidana da ke Hotoro a Kano. Idan na murɗa makulli injin yana juyawa da ƙarfinsa, amma ba ya kamawa. Makanikin da na fara kira ko akwatin fiyus bai buɗe ba, ya ce sai an sauya kwayil huɗun da ke ba filogi wuta gaba ɗaya. Hankalina bai kwanta ba, don haka na sa aka ja motar zuwa wajen wani mai wayarin da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa.

Abin da ya fara burge ni shi ne mita ya ɗauko, ba sifana ba. Ya auna batir ya sami bolt 12.6, ya ce in murɗa makulli, ƙarfin bai sauka ƙasa da 10 ba, ke nan batir da sitata ba su da laifi. Ya kasa kunne ya ji kukan famfon mai, ya duba fiyus da rile, sannan ya zaro kwayil ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da filogi a jikin ƙarfen inji. Babu wanda ya ba da tartsatsi.

"Alhaji," in ji shi, "kwayil huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya. Umarni ne ba ya zuwa musu."

Ya yi mini bayani cewa akwai na'ura a ƙasan inji da ke sanar da kwamfutar mota juyawar karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, kuma muddin saƙonta bai isa ba, kwamfutar ba za ta saki wuta ba. Da ya bi wayar da ɗan yatsa, sai ga inda ɓera ya gaigaye ta, jan ƙarfen ya rabu biyu. Ya haɗa ta da dalma, ya naɗe, ya ɗaure ta nesa da zafi. Murɗawa ɗaya motar ta tashi.

Wurin yana da nasa aibin. Babu rumfar zama, na yi kusan awa biyu a rana kafin layi ya zo kaina, ba a ba da rasit, kuma yaron shagon ya bar murfin akwatin fiyus a buɗe, sai da na koma gida na lura. Kuɗin aikin kuwa bai kai na kwayil ɗaya ɗan Beljiyam ba. Wanda zai je ya yi sammako, ya kuma duba ƙarƙashin bonet da idonsa kafin ya bar wurin.