Manhajar da aka ƙera wa shagon ɗinkinmu a Aboabo, bayan ta ga Sallah biyu

Shagon ɗinkin yayata yana Aboabo a Kumasi, kuma ni ce nake riƙe mata da lissafi. Ba ma sayar da kayan da aka riga aka ɗinka; duk rigar da ta fita daga hannunmu sai da aka auna mai ita, aka yanka mata, aka ɗinka da sunanta. Teloli 4 ne da yara masu koyo 6, kuma shekara da shekaru abin da ya riƙe shagon shi ne wani babban littafi mai bangon kwali, inda ake rubuta awo da ranar karɓa, sannan a yanko ɗan ƙyalle daga bakin yadin a maƙala shi da fil a gefen shafin. Littafin ya yi mana aiki har zuwa azumin 2024, lokacin da fil ɗaya ya faɗi, aka musanya shadda biyu masu kusan launi ɗaya, aka yanka ta wani dattijo da awon surukinsa. Yaya ta biya kuɗin shaddar daga aljihunta, ta kuma amince a ƙarshe da maganar da na daɗe ina yi mata, cewa a nemi wanda zai tsara mana manhajar kwamfuta.

Wani ƙaramin kamfani na matasa biyu muka ba aikin, ɗayansu ɗan unguwarmu ne. Abin da suka yi mana ba manhajar da kowa zai sauke a waya ba ce, domin shagonmu kaɗai aka ƙera ta, don haka abin da nake dubawa a nan ya haɗa da manhajar da kuma yadda suka gudanar da aikin. Na jira har ta ga ƙaramar Sallah da babbar Sallah na 2025 kafin in ce komai, saboda duk wanda ya san shagon tela ya san cewa a watan Safar kowane tsari mai kyau ne.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su zo da kwamfuta ba a makon farko. Sun zo da takarda da biro, suka zauna a kan benci kusa da teburin yanka, suna kallon yadda kaya ke shigowa da yadda suke fita, suna tambayar abin da mu kanmu mun daina lura da shi. Daga nan suka zana mana rumbun bayanan a takarda: mai kaya daban, awo daban, aikin da aka kawo daban, yadi daban, biyan kuɗi daban, kuma lambar aiki ita ce zaren da ya ɗaure su duka. Amfanin wannan rarrabewa ya bayyana daga baya, domin idan lambar wayar mutum ta canza wuri ɗaya ake gyarawa, ba sai an bi duk ayyukan da ya taɓa kawowa ba. Ina shawartar duk mai shagon da zai ba da irin wannan aiki ya nemi a nuna masa wannan zane kafin a rubuta komai a kwamfuta, domin a nan ne gyara yake da araha.

A nan ɗin ma muka kama kuskurensu na farko. Sun ɗauka kowace lambar waya mutum ɗaya ce, kuma kowane mutum jiki ɗaya ne, kamar yadda yake a kantin sayar da kaya. Yaya ta dubi zanen ta ce wa ɗan unguwar tamu: "Ɗana, matar da ta fita yanzu waya ɗaya gare ta, amma ɗinkin mutum bakwai ta kawo, nata da na 'ya'yanta biyar da na uwar mijinta. A ina za ka zuba su?" Ya yi shiru, sannan ya ce: "Hajiya, a ba mu kwana biyu." Da suka dawo sun raba mai biya da mai sawa, ta yadda gida guda zai iya ɗaukar mutane da yawa a ƙarƙashin lamba ɗaya, kowa da awonsa. Wannan gyara ne ya sa manhajar take iya ɗaukar ankon biki, inda uwar amarya ke kawo atamfa iri ɗaya ta mata ashirin, wasu su biya da kansu, wasu a biya musu.

Sashen awo shi ne inda suka fi ƙoƙari, kuma shi ne na fi sani domin kullum ina cikinsa. Kowace irin sutura tana da gurabenta. Idan aka zaɓi kaftani, sai guraben wuya da kafaɗa da ƙirji da hannu da tsawo su fito, tare da ƙugu da cinya da tsawon wando. Idan kaba da siket ce ko doguwar riga, sai a ga guraben da suka dace da ɗinkin mata. Babbar riga kuwa kusan tsawo da faɗi ne kawai, sai bayanin irin aikin da za a yi mata. Da farko manhajar ba ta karɓar rabi da kwata sai a rubuta 14.5 ko 14.25, alhali tela da tef a wuya 14 da rabi ya sani, kuma wani yaro ya taɓa rubuta 14.4 yana nufin 14 da kwata. Suka sa maɓallai uku a gefen kowane gurbi, na kwata da na rabi da na kwata uku, matsalar ta mutu. Mafi muhimmanci shi ne sabon awo ba ya goge tsoho. Kowanne yana zaune da kwanan watansa, don haka idan mace ta dawo bayan haihuwa, ko yaro ya yi tsawo tsakanin Sallah da Sallah, ana ganin bambancin, kuma idan awo ya wuce wata shida manhajar takan tambaya ko a sake aunawa. Akwai kuma matan da ba sa zuwa a auna su, sai dai su aiko da rigar da ta yi musu daidai. An yi wa wannan gurbi na musamman, har da alamar ko an mayar da rigar awon, abin da a da yake jawo mana ƙorafi fiye da ɗinkin kansa.

Batun yadi bai kai wannan nasara ba. Tunaninsu shi ne hoto ya maye gurbin ƙyallen da muke maƙalawa, kuma ga atamfa irin su GTP da Woodin, masu zane a fili, hoton ya wadatar. Ga shadda kuwa bai wadatar ba. Farar shadda da mai ruwan madara kusan abu ɗaya ne a hoton waya, musamman da yamma a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kuma ƙyallin shaddar Getzner ba ya fitowa yadda za a bambanta ta da mai kwaikwayonta. Muka koma ga ƙyalle, sai dai yanzu ana liƙa masa lambar aiki, a liƙa irinta a jikin ledar kayan. Manhajar tana rubuta yadi nawa aka kawo da nawa ya rage, wanda ya rage gardamar ragowar yadi sosai, amma a wannan sashe ido da yatsa ne har yanzu suke yanke hukunci.

Dalilin da ya sa nake ganin kuɗinmu bai tafi a banza ba shi ne allon ayyuka. Kowane ɗinki yana bin matakai daga karɓa zuwa yanka, ɗinki, aikin wuya, gwaji, guga, har zuwa miƙawa, kuma duk wanda ya gama nasa sai ya taɓa allo ya tura shi gaba. Aikin wuya a waje muke kai shi, wajen masu surfani a Asawase, kuma a da can kaya suke ɓacewa daga lissafi, domin littafi ba ya faɗin abin da ya fita da abin da ya dawo. Yanzu ana ganin riga nawa ke can da kwana nawa suka yi. A kan wannan allo suka ɗora lissafin da ya fi komai amfani: Yaya ta faɗa musu awa nawa kowace irin sutura take ci, su kuma suka sa manhajar ta tara ayyukan da aka karɓa ta gwada da hannayen da ke shagon. Idan aka zaɓi ranar karɓar da ba za ta yiwu ba, sai ranar ta yi ja. A azumin 2025 jajayen ranaku sun fara bayyana tun kafin a kai goma na tsakiya, kuma a karon farko muka daina karɓar ɗinkin Sallah da hujjar da za mu iya juya allo mu nuna wa mai kaya. Alƙawarin tela abin zolaya ne a ko'ina, amma mafi yawansa ba ƙarya ba ce, rashin sanin nauyin da aka riga aka ɗauka ne. Ba zan ɓoye ba, Yaya ta tsallake jan nan sau da dama, domin akwai fuskokin da ba a iya cewa a'a, kamar dangin miji da matar liman. Masu tsarin sun yi hikima da suka bar ƙofar tsallakewa a buɗe, tare da gurbin rubuta dalili. Da sun kulle ta, da tuni an koma littafi.

Inda manhajar ta gaza, kuma har yau ba ta gama miƙewa ba, shi ne kuɗi. Yawancin masu kayanmu da MoMo, wato tura kuɗi ta wayar salula, suke biyan kafin alƙalami, kuma masu tsarin sun so manhajar ta riƙa gane biya ta hanyar lambar wayar da ta turo. Wannan ba ya aiki a Zango. Mace takan sa mijinta ya tura, ko ɗanta da ke Akra, ko ta miƙa tsabar kuɗi ga mai rumfar MoMo a kasuwar Kejetia ya tura da lambarsa, sai saƙo ya shigo da sunan da ba mu taɓa ji ba. Adadin ma ba ya zuwa daidai, domin wani yakan ƙara kuɗin cirewa, wani kuma ya rage. Harajin tura kuɗi ta waya, wanda aka fara a Mayun 2022 aka rage shi zuwa kashi 1 cikin 100 a farkon 2023, sun dasa shi a cikin lissafin ta yadda ni ba zan iya taɓawa ba, don haka da gwamnati ta soke shi a Afrilun 2025 sai da muka jira su suka zo suka cire da hannunsu. Duk abin da doka ko kasuwa za ta iya canzawa kamata ya yi a bar wa mai shago wurin gyara shi. Maganin da muka samu na wucin gadi ne: muna roƙon mai turawa ya rubuta lambar aiki a gurbin bayani, wanda bai rubuta ba kuma ni nake zama da dare ina haɗa saƙo da aiki ɗaya bayan ɗaya.

Neman suna ma yana da gyara. Mace ɗaya takan shiga a matsayin Ayisha yau, gobe wani yaro ya rubuta Aisha, jibi Ayishetu, manhajar kuma ta ɗauke su mutum uku. Saƙon da take tura wa mai kaya idan ɗinki ya kammala da Turanci yake, alhali da yawa daga cikin iyayenmu mata sun fi gane saƙon murya da Hausa ko Tonanci, wato harshen Twi, don haka har yanzu yara ne suke bi da WhatsApp suna sanarwa.

Ta fuskar wuta da intanet ba ni da ƙorafi. Bayanan suna zaune a cikin kwamfutar hannu ta shagon, ana aiki ko babu intanet, idan ta dawo sai a tura kwafi zuwa ma'ajiyar waje, kuma wanda ya rayu a shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta a Ghana, ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar wannan. Sun kuma kula da sirri ba tare da mun roƙa ba: mai koyo yana ganin lambar aiki da awo, amma ba ya ganin suna ko lambar waya, kuma su ne suka ja hankalinmu ga dokar kare bayanan jama'a ta 2012, wato Act 843, wadda ta shafi duk mai tara bayanan mutane a Ghana. Awon jikin matar aure ba abin da za a bari a buɗe ga kowa ba ne. Ga masu aiko da ɗinki daga Jamus da Amurka a kai wa danginsu, an sa gurbin adireshin GhanaPostGPS, wato lambar da ke nuna inda gida yake a taswira, kuma yana taimaka wa mai babur a lungunan unguwar Sawaba.

Kuɗin ƙerawa ya kusa kuɗin sabon keken ɗinki na masana'anta, ban da abin da muke biya duk wata na kulawa da ma'ajiya. Ga tela mai keke ɗaya wanda ya san masu kayansa da ka, wannan asara ce, littafi da fil sun ishe shi. Ga shagon da ɗinki ke ratsa hannu uku ko huɗu kafin ya fita, ina ganin ya cancanta, da sharaɗin a rubuta a yarjejeniya cewa bayanan na mai shago ne kuma zai iya fitar da su zuwa Excel duk ranar da ya so. Mu ba mu rubuta ba da farko, sai da muka nema daga baya, kuma an ɗan ja mana rai kafin a ba mu. Amsa kira ma ba kullum suke yi da wuri ba. Mutum biyu ne, kuma ba mu kaɗai suke yi wa aiki ba.

Mun sabunta yarjejeniyar na wata shekara, da sharaɗin su gyara haɗa biyan MoMo da neman suna kafin watan Sha'aban. Yaya ta sa hannu, sannan ta sa aka sayo sabon littafi mai bangon kwali aka ajiye a aljihun teburin yanka, kusa da kwalin fil.