Matakalar da mai walda ya yi wa Hilux ɗina saboda gwiwar Hajiya

Duk mai Hilux da ke da tsoho ko tsohuwa a gida ya san ba a ƙera motar nan da tunanin mai ciwon gwiwa ba. Don burji da laka da lodin buhuna aka yi ta, shi ya sa aka ɗaga ta sama. Tawa ƙirar 2012 ce mai gida biyu, da ita nake ɗauko masara da waken suya daga ƙauye zuwa Dawanau, kuma ita kaɗai ce motar gidanmu. Ita ke kai mahaifiyarmu asibiti, ita ke kai ta biki da ta'aziyya. Aikin da zan yi magana a kai shi ne wanda wani mai walda a nan Kano ya yi mana: matakala mai naɗewa da mariƙin hannu a ƙofar gaba ta ɓangaren fasinja. Hajiya ta ci damina da rani tana hawa da su, don haka na ga alherinsu, na ga aibinsu.

Motar ta zo da nata dogon takin na kamfani a gefe, kuma mutane da yawa suna ɗauka shi ke nan magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Da muka sa tef, daga ƙasa zuwa wannan taki kusan inci 16 ne, alhali matakalar bene ta gida ba ta cika wuce inci 7 ba. Ga shi rabinsa ya shige ƙarƙashin bodi, yatsun ƙafa kawai ke samun wuri. Matashi mai wando ko a jikinsa. Amma tsohuwa mai sanyin ƙashi, ɗaure da zani, hijabi har ƙasa, a ce ta ɗaga ƙafa wannan tsawon a bakin titi mutane na kallo? Sai dai a ɗaga ta. Ni kuwa ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta yarda in cicciɓe ta a bainar jama'a. Har ta kai ta fara cewa ta fasa zuwa wurare, mu kuma mun san ba zuwan ne ba ta so ba.

Abin da ya sa na yarda da mutumin nan tun ranar farko shi ne ya ƙi faɗin farashi. Ya ce in kawo mai hawan tukuna. Da na kawo ta, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya sa yaransa suka jero guntayen katako a ƙasa, ya miƙa mata hannu ta bayan rigarsa.

"Mama, taka wannan mu gani. In kin ji zafi kar ki daure, ki faɗa mini."

"Wannan dai da sauƙi, ɗan nan."

Ya ƙara katako ɗaya. Ta taka, ba ta ce komai ba, amma ya ga yadda ta cije leɓe, sai ya zare shi. A inci 9 suka tsaya. Sannan ya ce ta miƙa hannu kamar za ta kama wani abu ta hau, ba tare da ya nuna mata wuri ba, inda tafinta ya sauka a jikin ginshiƙin gilashin gaba ya yi alama da alli. Mariƙin kamfani da ke saman ƙofa ko kusa ba ta kai gare shi, kafaɗarta ba ta ɗaguwa haka.

Matakalar da ya yi faranti ne na ƙarfe mai ƙurzunu, zurfinsa inci 11, ƙafa gaba ɗaya take zama a kai har diddige. Idan aka zare wata 'yar sakata mai sifirin sai ta sauko, in an gama a ɗaga ta ta kwanta a ƙarƙashin takin kamfani. Hawan nan mai wuya ya koma taki uku masu sauƙi: ƙasa zuwa sabon taki, sabon taki zuwa na kamfani, daga nan cikin mota. Bai yi wa shasi walda ba. A benci ya haɗa komai, ya ɗaure da noti a ramukan da maƙalan takin kamfani suke, ya ce zafin walda na raunana shasi, kuma wuta na iya taɓa na'urar da ke sarrafa injin idan ba a cire kan batir ba. Kafin ya huda ginshiƙin don mariƙi sai da ya ɓalle robar ciki ya duba wayoyi. Ya kuma gargaɗe ni cewa yawancin sababbin motoci suna da jakar iska ta kariya da ke bi ta wannan wuri, irin waɗannan ba a taɓa su da abin huji, haka ma ginshiƙin tsakiya inda bel ɗin kujera yake naɗewa. Da ya gama, shi da wani ƙaton yaronsa suka hau kan takin tare suna girgiza shi kafin ya bar Hajiya ta sa ƙafa.

Ƙarfe kaɗai bai isa ba, sai da koyarwar ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke duba ta a Asibitin Ƙashi na Dala. Wajen hawa ƙafa mai dama-dama ce ke yin gaba, wajen sauka kuma mai ciwon ce ke fara taɓa ƙasa. Kuma kada ta zura ƙafa cikin mota tana tsaye a karkace: ta tsaya kan taki, ta juya baya ga kujera, ta zauna, sannan ta shigo da ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Muna tura kujerar baya har ƙarshe kafin ta hau. Yanzu da kanta take shiga, ni dai ina tsaye a gefe riƙe da sandarta.

Sai aibin. Alkawarinsa na lokaci ba abin dogaro ba ne, ranar da ya sa ta wuce, wata ma ta wuce, ni kuwa motar ce sana'ata. Fentin ma ya yi ha'inci a kai: baƙi kawai ya fesa ba tare da jan fentin nan mai hana tsatsa a ƙasa ba, ruwan Agusta na sauka bakin walda ya fara ja. Dole na sa aka kankare aka sake. Giris ɗin da ya cika a mahaɗin matakalar kuwa ƙura yake tarawa, bayan tafiyar ƙauye sakatar kan cije sai an wanke da kananzir. Akwai kuma ƙarar kwaram-kwaram da ta riƙa yi a kan gargada, amma wannan da na koma ya yanko robar tsohon tayar babur ya liƙa inda ƙarfe ke dukan ƙarfe, bai karɓi ko sisi ba, kuma ta yi shiru har yau. Babban abin lura shi ne babu abin da ke sanar da direba cewa matakalar na ƙasa. In aka ja mota a haka, tudun rage gudu na farko zai lanƙwasa ta. A gidanmu doka ce, wanda ya rufe wa Hajiya ƙofa shi ke ɗaga taki.

Kuɗin aikin da ƙarfen duka naira dubu 85 na biya a lokacin, ban da sake fenti. Na san farashin ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya, amma ko ya ninka ban ga asara ba. Akwai takin lantarki da ke saukowa da kansa in an buɗe ƙofa, irin PowerStep na Amurka, sai dai kuɗinsa da dala ne, kuma ba na son injin lantarki a ƙarƙashin motar da ke ratsa rafi. Ƙanwata ta aiko da HandyBar, wani ɗan mariƙi da ake zurawa cikin ƙarfen da ƙofa ke kamawa. A ƙaramar mota yana taimako sosai wajen miƙewa, a Hilux kuwa wajen sauka kawai Hajiya ke dafa shi, kuma sai an zare shi kafin a rufe ƙofa.

Wanda ke kan keken guragu ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana tsayuwa, wannan aiki ba nasa ba ne, kada a ja shi kan taki a ce ya gwada. Na mai iya tsayuwa ne da 'yar dafawa. Mu abin da ya rage mana shi ne haske, domin in mun dawo bayan isha'i da bakin sanda Hajiya ke laluben takin. Na yi magana da mai wayarin, zai ja 'yar fitila daga wayar fitilar cikin mota ta riƙa kamawa da zarar an buɗe ƙofa.