Takardun kamfanin giya na Kakuri: Arewa House ko ma'adanar gwamnati?

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Ka ce ya yi dilancin kamfanin giya na Nigerian Breweries da ke Kakuri a Kaduna tun shekarun 1960, ya bar adaka cike da littattafan ciniki da rasidai da wasiƙu da hotuna, ga kuma tsofaffin kwalabe da akwatunan katako da allon talla na ƙarfe. Tambayarka ita ce ina ya fi dacewa ka kai su, Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon ko Arewa House da ke titin Rabah.

Kafin a kai ga zaɓi, ka san darajar abin da ke hannunka. Kamfanin Nigerian Breweries an kafa shi a 1946, ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Aba a 1957, sannan ta Kaduna a 1963. Lokacin Kakuri na tashe ne: masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, ma'aikata suka yi ta kwarara daga ko'ina cikin ƙasar nan. Littafin dila na wancan zamani yana nuna wa ke saye, a wace unguwa, nawa ne kuɗin mota zuwa Zariya ko Kafanchan, wa ya ci bashi ya biya ƙarshen wata. Gwamnati ba ta rubuta irin wannan. Na ga wasu sun ba ka shawarar ka cinna musu wuta tunda harkar giya ce. Kowa da fahimtarsa, amma ni dai a ganina takardar albashin direba da ta ɗan dako tarihin aiki ne da na garin Kaduna, kuma ƙona ta ba ya canza abin da ya riga ya faru.

Ma'adanar ƙasa ta samo asali ne daga ofishin da masanin tarihi Kenneth Dike ya jagoranci kafawa a 1954, kuma reshen Kaduna na ɗaya daga cikin manyan rassanta uku, tare da Ibadan da Inugu. Ta gwamnatin tarayya ce, dokar 1992 ce ke tafiyar da ita, kuma dokar ta haɗa har da takardun kamfanoni da na ɗaiɗaikun mutane. Ƙarfinta shi ne fayilolin mulki: na sakatariyar lardunan Arewa, na larduna irin Zariya da Kano, na ma'aikatun Jihar Arewa. Ga takardun Baba wannan maƙwabtaka ce mai amfani, domin tun zamanin Turawa giya a Arewa harka ce ta lasisi da takunkumi, tun daga yarjejeniyar Brussels ta 1890 da ta taƙaita shigo da barasa yankunan da ba su saba da ita ba. Mai bincike zai karanta abin da hukuma ta shar'anta, ya juya ya ga abin da ɗan kasuwa ya yi a aikace. Inda nake ɗari-ɗari shi ne yawa. Adaka ɗaya cikin tulin fayilolin gwamnati tana iya daɗewa kafin a yi mata jerin da mai nema zai gan ta, kuma takardar da ba ta cikin jeri kamar ba a kawo ta ba ne.

Arewa House kuwa cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, an kafa ta a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, a gidan da Sardauna ya zauna. Tana da ɗakin karatu da ma'adanar takardu da ɗakin nuna kayan tarihi, kuma kullum ɗaliban digiri na biyu da na uku na zirga-zirga suna neman abin da ba a taɓa rubutu a kai ba. Takardun ɗan kasuwa guda sun fi saurin samun mai karanta su a nan. Sai dai an fi sanin gidan da tarihin siyasa da sarauta da rubuce-rubucen Larabci da ajami, don haka kada ka ɗora adaka a a-kori-kura ka nufi can. Je ka tambaya tukuna ko irin wannan tarin ya shiga abin da suke karɓa.

Da ni ne, Arewa House zan fara ƙwanƙwasawa, in ba a daidaita ba in wuce ma'adanar ƙasa. Ko ina ka je, ka nemi a nuna maka ɗakin ajiya da idonka: akwai yoyo? Kwalaye na kan kanta ko a ƙasa? Sannan a rubuta yarjejeniya. Kyauta daban, ajiya daban. In kyauta ce, mallaka ta bar hannun iyali har abada. In ajiya ce, kayan naku ne, kuna iya sa sharaɗi. Ka sa sharaɗi a kan littafin bashi da fayilolin ma'aikata, a rufe su na wasu shekaru, domin 'ya'yan masu sunayen suna nan da rai a Kakuri da Sabon Tasha, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023. Ka kuma shawarci sauran magada kafin komai ya fita daga gida.

Kwalabe da akwatuna da allon talla ba aikin ma'adanar takardu ba ne. Wurinsu Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, in sun nuna sha'awa, kuma biyu ko uku masu kyau sun isa. Kada ka wanke kwalbar da takardar jikinta ke manne, kada ka yi wa allon sabon fenti. Masu sayen tsofaffin kaya za su fi yi wa allon tayi, amma littafin ciniki ya fi shi daraja nesa ba kusa ba: irin allon an buga da yawa, littafin kuwa guda ɗaya ne.

Akwai aikin da ke kanka kafin ka kai. Kada ka sake jera takardun yadda ya yi maka kyau, bar su yadda Baba ya ɗaure su, domin jerin kansa bayani ne. Cire fil da duk ƙarfen da ya yi tsatsa a hankali. Ban da salatif, ban da kai su shago a liƙe da leda, zafi da gam suna kashe takarda kuma ba a warwarewa. Ɗaga adakar daga siminti, nesa da bango, saboda gara da laimar damina. Wadda ta yi fumfuna a ware ta, ta sha iska a inuwa. Rasidai masu santsi irin na na'urar fakis su za ka fara ɗauka a hoto, rubutunsu gogewa yake yi da kansa. Sauran a yi musu sikanin shafi-shafi har da bango, a ajiye kwafi a kwamfuta da filash da kuma intanet. Littafin da babu shekara a jikinsa, duba kuɗin: in fam da sule ne, mai yiwuwa kafin Janairun 1973 aka rubuta shi, lokacin da naira ta shigo. Hotuna kuma ka zauna da Mama ko tsofaffin yaran shagon su faɗi sunaye da wurare, ka rubuta a baya da fensir mai laushi.